Abin da Na Yi wa Bitrus a Hanyar Rijau

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya da natsuwa. Allah Ya tsare ka a tafiyar da ke gabanka, Ya kai ka lafiya, Ya dawo mana da kai da ƙafafunka.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga hannuna alhali gida ɗaya muke kwana. Sau uku na kira ka a makon nan don in yi maka wannan magana da baki, kowane lokaci sai in ɓuge da tambayarka ko ka gama haɗa kaya. Mahaifiyarka ce ta ce tunda baki ya kasa, in gwada biro.

Ranar Talata da la'asar kana zaure da abokanka, ka kunna musu saƙon muryar Kabiru, abokinka da ya riga ka zuwa ƙasar Larabawan nan, wanda za ku riƙa tuƙa motar raba kaya a kamfani ɗaya. Ina bayan katanga ina alwala, na ji komai. Yana ta mita a kan allunan wuta da aka rataye a saman manyan titunansu. Ya ce lambar gudu ba ta zama wuri ɗaya. Kana tafe allo na nuna ɗari da ashirin, kafin ka kai na gaba ya koma tamanin, na gabansa sittin, ga titi fetal babu abin da idonka ke gani. In ka ƙi ragewa kyamara ta ɗauke ka a ci ka tara, in ka rage oga ya dame ka da waya wai ka makara. Kuka yi dariya. Sai na ji ka ce ai abu ne mai sauƙi, mutum ya haddace inda kyamarorin suke, ya taka birki in ya zo kansu, yana wucewa ya ƙure maleji.

Sai da na sake alwalar daga farko, don na manta inda na tsaya. Maganar da ka yi, da irin dariyar da ka yi ta da ita, duk nawa ne. Haka nake magana a tasha lokacin ina kamar shekarunka. Kai dai ka taso ka san ni tsohon direba mai sanyin ƙafa wanda fasinja ke barci a motarsa. Akwai abubuwa uku da ban taɓa gaya muku ba, ina so ka san su kafin ka kama sitiyari a ƙasar da ba zan iya zuwa in ɗauko ka ba.

Na farko ya faru ban daɗe da fara jan bas tsakanin Kontagora da Yawuri ba. A lokacin sunana ya fito a tasha. 'Yan kasuwa masu sauri motata suke jira, ni kuwa kaina ya kumbura. Wata safiya, gab da Ibeto, na hango wata Bafillatana tsaye a bakin kwalta tana ɗaga hannu tana saukewa. Na ɗauka mota take nema, ni kuma a cike nake, don haka ko ƙafa ban ɗaga ba. Ina shan kwanar da ke gaba na tarar da garken shanu ya cika titi. Na taka birki har ƙasa, amma ina. Na bugi biyu. Wata karsana ta mutu nan take, gilashin gabana ya tarwatse, wani fasinja ya bar haƙoransa biyu a kan ƙarfen kujera.

Mai shanun tsoho ne. Na yi zaton sanda zai ɗaga mini, amma ko murya bai ɗaga ba. Ya tambaye ni ko ban ga 'yarsa ba, don shi ya aike ta can ta rage wa motoci gudu. Na ce na gan ta, amma ban ga shanu ba. Ya dube ni ya ce, "Da ana ganin shanun daga can, ai da ban aike ta ba."

Ka riƙe wannan magana, Nasiru. Duk lokacin da allon nan ya sauke lamba kuma ba ka ga dalili ba, ka ɗauka dalilin yana gaba, inda idonka bai kai ba. Wataƙila mota ce ta mutu a tsakiyar titi, wataƙila mutane ne ke aiki, wataƙila cunkoso ne da za ka faɗa wa bayansa. Wanda ke canza lambar yana ganin abin da kai ba ka gani. Ba sai ya gamsar da kai ba kafin ka rage.

Da na ɗauki darasin nan tun ranar, da ba ni da sauran abin rubutawa. Amma abin da kawai na koya shi ne in riƙa rage gudu a wannan kwanar ta Ibeto. Sauran hanyoyin na ci gaba da halina.

Na biyu shi ne wanda ya fi yi mini nauyi. Ka san Baba Bitrus na Dukku, wanda ke zaune a keken guragu ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidansa, wanda muke kai wa dawa duk kaka. An gaya muku haɗari ya yi a hanyar Rijau, ni kuma na ciro shi na kai shi asibiti. Gaskiya ne, amma ba duka ke nan ba.

Ni da Bitrus layi ɗaya muke lodi a lokacin, Kontagora zuwa Rijau. Aboki ne na gaske. In azumi ya zo yakan bar mini lodin safe don kada rana ta dake ni, in ranar Lahadi ce ni nake riƙe masa layinsa har ya fito daga coci. Wata damina aka shiga gyaran hanyar. Masu aikin suka kawo alluna masu ƙafar ƙarfe da ake rubuta lambar gudu a kai, suka sa wani mutum mai jan ƙyalle yana bi yana canza su. Yau ka zo wuri ka ga sittin, gobe ka ga talatin. Wani lokaci da safe hamsin, da yamma ashirin, a wuri guda. Sau da yawa kuma za ka rage gudu ka lallaɓa ka wuce, ba ka ga ma'aikaci ko ɗaya ba, ba ka ga katafila ba, sai tsibin jar ƙasa.

Abin ya ƙona wa direbobi rai, kuma ba zan ce maka babu dalili ba. Tafiyar da ka saba yi cikin awa ɗaya da 'yan mintoci ta koma kusan biyu, fasinja na tsaki a bayanka, ƙafarka na ciwo saboda canjin giya. A teburin mai shayi ba a wata hira sai ta allunan nan, kuma muryata ta fi ta kowa. Nakan ce mai jan ƙyallen nan yadda ya tashi daga barci haka yake rubuta lamba. Bitrus kaɗai ke bin abin da aka rubuta. In allo ya ce talatin, talatin zai yi ko da babu kowa a hanya. Muka sa masa suna mai ɗaukar amarya. Ni na raɗa masa sunan, kuma yana jin zafinsa ko da yake dariya yake yi.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Ranar kasuwar Rijau ce, dukanmu mun cika maƙil. Ya riga ni tashi, amma na cim masa a wani wuri da jiya-jiya na wuce na ga an rubuta sittin. Ran nan allon ashirin yake nunawa. Hanyar ta tsuke saboda tsibin ƙasa a gefe ɗaya, babu inda zan wuce shi. Na matsa masa hon. Na kunna masa fitila na kashe, na kunna na kashe. Na matso har sai da hancin motata ya kusa taɓa bayan tasa. Fasinjojina suka shiga taya ni, ana dariya ana cewa a kauce wa masu abin yi. A kujerar bayansa akwai wata mata riƙe da kaji biyu a cinya, ta waiwayo tana kallona ta gilashi. Bitrus ya fito da hannu ta taga yana yi mini alamar in yi haƙuri. Sai na ɗora tafin hannuna a kan hon na ƙi ɗagawa.

Sai ya taka totur. Na ga hayaƙi ya fito daga bayan motarsa, ta yi gaba. Na yi dariya na ce yau amarya ta yi zuciya, na bi shi.

Ba a yi minti ɗaya ba muka iso kwalbati. Ruwan daren ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin kwalta ta gefen hagu, daga sama ba ka ganin komai sai 'yar tsaga. An kakkafa sanduna an ware siririyar hanya ta dama inda ke da ƙarfi. Wanda ke tafiya a kan ashirin zai ga sandunan ya bi ta gefensu. A gudun da na tura Bitrus, ko ya gani ba zai iya kaucewa ba. Tayarsa ta gaba ta burma, motar ta ɗaga baya sama, ta kife cikin rafin. Ni kuwa na taka birki, motata ta ja ta tsaya a bakin ramin. Kusancin ya kai da na buɗe ƙofa babu inda zan sa ƙafa, sai ta ɗaya gefen na fita. Da ba ya gabana, da ni ne a ciki.

Mutum biyu suka rasu, matar nan mai kaji da wani tsoho. Bitrus ya karye a gadon baya. Ni na shiga ruwan na jawo shi, ni na sauke fasinjojina na juyo da shi da sauran masu rauni Kontagora. Kafin mu tashi mai jan ƙyallen ya iso da gudu yana haki, yana kuka yana gaya wa kowa cewa da hannunsa ya canza allon bayan sallar asuba da ya ga abin da ruwa ya yi, ya tafi ne ya kira manyansa.

A tasha aka yi ta yabona, wai na yi jarumta. Fasinjojina sun san abin da ya faru, amma su ma sun yi dariyar, don haka kowa ya ja bakinsa. Har yau in na ga wani baƙo ya ƙura mini ido a kasuwa, sai in ce a raina ko yana cikin motata ran nan.

Sai da na shekara huɗu ina kai masa dawa ina gaishe shi kafin na iya buɗe baki. Na durƙusa gaban kekensa na ce ya yafe mini, ni na jefa shi. Ya ce, "Isiyaku, ƙafata ce a kan totur, ba taka ba. Amma na ji hon ɗinka. Har yanzu ina jin sa." Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Matarsa Laraba ta san labarin. Duk zuwan da na yi takan kawo mini ruwa ta amsa gaisuwata da mutunci, amma ba ta taɓa zama a inda nake zaune ba. Matar nan mai kaji kuwa ko sunanta ban sani ba, balle in san inda zan je neman gafara.

Saboda haka ina roƙonka abu biyu. Kada ka taɓa matsa wa wanda ke gabanka don yana bin doka. Kada ka kunna masa fitila, kada ka manne masa a baya, kada ka yi masa hon. Ba ka san me ya hango ba, kuma ba ka san yadda zuciyarsa take ba, wataƙila kunya ce za ta sa ya taka. In kuma kai aka matsa wa, kada ka yi abin da Bitrus ya yi. Ka koma layin gefe in da hali, ka bar mutum ya wuce. In babu hali, ka bar shi ya yi ta hon har hannunsa ya gaji. Duk sunan da abokan aiki za su sa maka, ka amsa shi.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro a kanka, domin ya nuna mini cewa mutum yakan manta. Bayan haɗarin Bitrus na yi shekaru ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. Amma a hankali tsoron ya dusashe. Na fara ƙara kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya, na ga babu abin da ya faru, na ƙara wani kaɗan. Can aka zo da dokar sanya wa motocin haya na'urar taƙaita gudu. Ka danna totur har ƙasa mota ta kai wani wuri ta ƙi gaba, kamar an riƙe ta da igiya. Yaran da na koya wa mota suna wuce ni suna ɗaga mini hannu, don su sun cire tasu. Raina ya ɓaci. Na ce shekara nawa ina bin hanyoyin nan, wani ɗan akwati ne zai gaya mini gudun da zan yi? Na je wurin bakanike na sa ya raba wayar. Ni da na ciro Bitrus daga rafi da hannuna, ni na yi wannan.

Bai fi wata biyu ba, ina kan hanyar Mokwa da fasinja cike, kusa da Kaboji, tayar gaba ta fashe. Da a kan gudun da na'urar ta yarda nake, da na riƙe motar. A gudun da nake, sitiyari ya fizge daga hannuna. Muka tsallake titi, muka keta gonar dawa, ina jin karare na dukan gilashi, mata na salati, har muka daki wani suri muka tsaya. Allah Ya sa babu motar da ke tahowa ta ɗaya ɓangaren. Babu wanda ya mutu, babu ma wanda ya karye.

Mutane suka fito suna zagina, ban ji zafin zagin ba. Wata mata ce, da alama malamar makaranta ce, ta sauko da jakarta ta tsaya gabana. A hankali ta ce, "Baba, kana da 'ya'ya?" Na ce shida. Ta gyaɗa kai, ta taka cikin dawar ta koma bakin titi ta zauna jiran wata mota. A watan na mayar wa mai mota makullinsa. Na ce muku idona ne ya fara rauni. Idona lafiyarsa ƙalau, kaina ne na daina yarda da shi.

To ka ga abin da ke hana ni sukuni. Na san makon farko za ka bi allunan nan sau da ƙafa, don baƙo ne kai. Ba makon farko nake tsoro ba. Ina tsoron wata na shida, lokacin da ka san titin, ka haddace kyamarorin, ka rage gudu sau ɗari ba ka ga komai ba, zuciyarka ta fara gaya maka masu allon ba su san aikinsu ba. Wani lokacin ma gaskiyarka ce, za a manta ba a mayar da lambar ba bayan an kwashe abin da ya tare hanya. Ka rage duk da haka. Ni ma sau da yawa na lallaɓa a hanyar Rijau ban ga komai ba, sau ɗaya tak aka yi rami.

Dabarar nan da ka faɗa ta taka birki a gaban kyamara, ka bar ta a zauren nan inda ka faɗe ta. Wanda ke bayanka bai san za ka taka ba, kuma a irin gudun titunan can babu lokacin da zai gyara. In ka hango lamba ta sauka, ka ɗaga ƙafa tun daga nesa, ka bar motar ta sauko a hankali, ka duba madubi. Ka bar fili mai yawa tsakaninka da na gaba, ko da wani zai shigo ya cike shi, sai ka sake ja baya. Ka riƙa fita da wuri, domin yawancin gudun da na yi a rayuwata makara ce ta jawo shi. In ranka ya ɓaci ka ji ƙafarka na yi maka ƙaiƙayi, ka nemi wurin da aka yarda a tsaya, ka sha ruwa, ka yi istigfari. Kada ka amsa waya kana tuƙi, ko ni ne na kira.

In kuma oga ya ce sai ka karya doka za ka riƙe aikin, ka gaya masa cikin ladabi ba za ka iya ba. In ya sallame ka, ka dawo gida. Ɗakinka na nan, gonar na nan. Wallahi babu wanda zai yi maka gori a gidan nan, in wani ya yi a waje ni zan amsa masa. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne wayata ta yi ƙara, in ga baƙuwar lamba, in ji muryar wanda ban sani ba yana tambaya ko ni ne mahaifin Nasiru. Kuma akwai abin da ke kusa da wannan a nauyi, wato ka dawo lafiya ƙalau kana ɗauke da abin da nake ɗauke da shi.

Shekaranjiya na hau babur na je Dukku na gaya wa Baba Bitrus za ka tafi, na kuma gaya masa zan ba ka labarin duka. Ya tsufa sosai. Ya ce ya kamata in faɗa maka tun tuni. Ya sa Laraba ta ƙullo maka gyaɗa, tana cikin jakarka ta gefe. Da zan tashi ya riƙe hannuna ya ce, "Ka gaya wa yaron, duk inda za shi, wurin zai jira shi. Ni kasuwar Rijau za ni ran nan. Tana nan tana ci duk mako, ni ne ban sake zuwa ba."

Ban san yadda za ka dube ni ba bayan ka karanta wannan. In girmana ya ragu a idonka, na yarda, muddin ka rage gudu.

Allah Ya tsare gabanka da bayanka, damanka da hagunka. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe, da sharrin gaggawa, da sharrin zuciyarka. Kada Ya sa ran wani ya salwanta ta hannunka, kada Ya sa naka ya salwanta ta hannun wani. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka yi addu'ar hawa abin hawa duk safiya kafin ka murza makulli. Mahaifiyarka da 'yan'uwanka suna yi maka addu'a. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe mini. Na ba Allah ajiyarka, Shi da ajiyarSa ba ta ɓata.

Wassalam.

Mahaifinka,
Isiyaku
Kontagora